Yadda Ake Cire wa Yaro Mai Ikzima Madara Ba Tare da An Tauye Girmansa Ba

Duk uwar da ɗanta ke fama da ikzima ta san irin daren da ake yi. Yaro ya sosa bayan gwiwa da lanƙwasar hannu har jini ya fito, ki sa masa safar hannu ya tuɓe, ki goya shi ki yi ta jijjiga har a kira assalatu. Gari na wayewa kuma shawarwari su fara shigowa. A gidajenmu na Makka da Jidda, daga Rusaifa har Karantina, wadda ta fi yawo ita ce: "Hasasiyya ce, ki hana shi madara." Hasasiyya dai ita ce jiki ya ƙi wani abinci ko wani abu, ya yi masa bore.

Wani lokaci gaskiya ne, amma a mafi yawan yara madara ba ta da laifi. Ikzima ciwon fata ne da ake gado, fatar ba ta riƙe danshi, sai ta bushe ta tsage, ƙaiƙayi ya biyo baya. Ko a cikin yaran da tasu ta yi tsanani, kusan ɗaya cikin uku ne ke da hasasiyyar abinci, kuma ba duka ba ne madara, akwai ƙwai da gyaɗa da riɗi. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yaro ɗan shekara biyu an raba shi da madara wata shida, ya rame, ƙaiƙayin kuma yana nan daram. Cire madara gwaji ne mai ranar farawa da ranar gamawa, kuma likita ke sa ranakun. Abin da zan faɗa ya shafi yara daga shekara 1 zuwa 3. Jaririn da bai cika shekara ba, ba a canza masa madara a gida sam.

Ki fara da fatar, tun kafin ki taɓa abinci

Ba za ki gane ko madara na da hannu ba sai fatar ta samu kulawar da ta kamata na tsawon mako biyu zuwa huɗu. Wanka sau ɗaya a rana da ruwa mai ɗumi-ɗumi, minti 5 zuwa 10, ba soso, ba sabulu mai ƙanshi. Ki tsane jikin da tawul a hankali, kada ki goga, sannan ki shafa mai tun jikin na da laima. Man ya zama mai kauri marar turare, irin su Vaseline ko wanda likita ya rubuta, aƙalla sau biyu a rana, kuma da yawa. Yaron da ikzima ta bazu a jikinsa yana iya cinye giram 250 ko fiye a mako guda. Idan ƙaramar roba ta yi miki wata biyu, to shafawar ba ta isa ba.

Inda ya yi ja ko ya yi duhu da kaushi, sai man kortizon da likita ya ba ki. Iyaye mata da yawa na tsoronsa, su ɗan ɗiga su daina bayan kwana biyu. Ga ma'auninsa: ki matso shi a kan ɗan alinki daga ƙarshen yatsa zuwa gaɓar farko, wannan ya isa wurin da ya kai faɗin tafin hannunki biyu. Abin tsoro na gaske shi ne mayukan da ake haɗawa a roba ba suna, ko masu ƙarfi irin Dermovate da wasu ke saye don hasken fata. Waɗannan kada su kusanci yaro.

Sai abubuwan da ke cikin ɗakinmu. Na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki dare da rana tana busar da fata, zafin waje kuma yana kawo gumi, shi ma yana tayar da ƙaiƙayi. Turaren wuta, humra, man wanki mai ƙanshi, rigar roba, bargo mai gashi, duk suna cikin masu laifi. Na san raba Bahaushiya da turaren wuta ba ƙaramin abu ba ne, amma a turara falo bayan yaron ya fita, kayansa kuma a bar su haka nan. A sa masa auduga, a yanke farce duk bayan kwana biyu ko uku. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, fatar ta lafa, madara na nan a kofinsa.

Ki sa ido, ki rubuta

Idan an yi duk wannan ba sauƙi, ki ɗauki ƙaramin littafi. Kullum ki rubuta abin da ya ci, yadda ya yi barci, yadda kashinsa yake, da inda ya fi sosawa. Ki ɗauki hoton wuraren da wayarki duk bayan kwana uku, a wuri guda da haske guda, domin a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai hoto ya nuna miki bambanci.

Hasasiyyar madara iri biyu ce. Akwai mai saurin tashi, cikin mintuna zuwa awa biyu da sha: borin jini, kumburin leɓe ko ido, amai nan take. Akwai mai jinkiri, wadda ke ɗaukar awanni har zuwa kwana uku: ikzima ta ƙara tashi, zawo ko taurin kashi, majina ko jini a kashi, ciwon ciki, rashin ƙaruwar nauyi. Idan kika ga numfashinsa na fita da ƙara, muryarsa ta dishe, harshe ya kumbura, ko jikinsa ya saki, ki kira 997 ko 911 nan take, kada ki tsaya neman mai kai ki. Yaron da ya taɓa yin mai saurin tashi, ba a yi masa kowane irin gwaji a gida.

Ki kai shi wurin likita da littafin a hannu

Likitan yara ko na fata, a cibiyar lafiya ta unguwa ko mustausaf, wato ƙaramin asibitin da kuke zuwa. Ana iya kiran 937 na Ma'aikatar Lafiya don neman shawara. Ki nemi a auna nauyinsa da tsayinsa a rubuta, domin da su za a gane ko sabon abincin na riƙe shi. Idan likita ya ga alamar mai saurin tashi, zai tura ku gwajin fata ko na jini. Ki sani yara masu ikzima gwajinsu kan nuna hasasiyya ga abincin da suke ci lafiya lau, don haka takardar gwaji ita kaɗai ba ta isa a hana yaro abinci ba. Wancan gwajin mai tsada da ake talla, mai fito da jerin abinci hamsin ko ɗari wai jiki ba ya so, likitocin hasasiyya ba su yarda da shi ba. Ki adana kuɗinki.

Kafin ki fito ki tambayi abu uku: mako nawa za a yi, me zai sha a madadin madara, kuma wace rana za a dawo da ita. Galibi mako biyu zuwa huɗu ne, wani lokaci har shida.

Cirewar: gaba ɗaya, ba rabi da rabi ba

Gwajin da aka yi da ɗan sassauci bai nuna komai ba. Masu madara na fili dai kin san su: madarar kwali da ta gari irin Nido, laban, zabadi, labna, gishɗa, cuku, bota, samin, ayis kirim, da Cerelac mai madara. A namu ɓangaren akwai nono da kindirmo, fura da nono, man shanun da ake zubawa a tuwo, tuwon madara, alawar madara, da cincin ɗin da aka kwaɓa da madara ko bota.

Wahalar tana wurin ɓoyayyu. Salig da madara ake dafa shi. Jarish yakan zo da laban. Ma'asub da gishɗa, harisa da samin, ful ɗin shago sau da yawa an zuba masa samin sai in kin ce a sa man zaitun. Burodin samuli da biskit da kek da yawa suna da madarar gari, haka wasu garin da ake shafa wa kaza kafin suya. Gurasar Larabawa ta yau da kullum galibi fulawa ce da ruwa da yis da gishiri, amma ita ma ki duba ledar.

Hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ta wajabta a bayyana abubuwan da ke tayar da hasasiyya a jikin kaya, wannan ya rage mana aiki. Ki juya kwalin ki nemi inda aka rubuta "يحتوي على", sannan ki bi jerin kayan haɗin kina neman حليب da لبن da جبن da زبدة da سمن da قشطة da مصل اللبن da كازين. Idan da Turanci aka rubuta, kalmomin su ne milk, butter, cream, whey da casein. Wanda aka ce "قد يحتوي", wato mai yiwuwa ya taɓa madara a masana'anta, ki tambayi likita ko ya shafi ɗanki. Ki riƙa dubawa duk lokacin saye, kamfanoni na canza haɗi.

Abu uku na yaudarar mutane. Madarar da aka rubuta babu laktos a cikinta madarar shanu ce cikakkiya, sukarin kawai aka taɓa, furotin ɗin da ke tayar da hasasiyya yana nan. Nonon akuya da na tunkiya sun yi kama da na saniya ƙwarai, yawancin yaran da ba sa ɗaukar wannan ba sa ɗaukar waɗancan. Sai nonon raƙumi, wanda ake yabo a nan ƙasar. Furotin ɗinsa ya ɗan bambanta, amma ba a ba yaro sai da izinin likita, ɗanyen da ake tatsa a bakin hanya kuwa yana ɗauke da zazzaɓin Malta, kuma tun bayan ɓullar cutar MERS a 2012 hukumomin lafiya ke gargaɗi a kansa.

Idan har yanzu yana shan mama, ki ci gaba abinki. Ba kowace uwa ake hana madara ba, sai in likita ya ce, kuma in ya ce, ke ma ki nemi ƙwayar kalsiyam da bitamin D.

Abin da zai maye gurbinta

Nan ne aka fi cutar da yara ba da niyya ba. Madara ba ruwan fari ba ce kawai, tana ba yaro kalsiyam na ƙashi da haƙori, furotin, kitse, aidin da bitamin B12. Ɗan shekara 1 zuwa 3 yana buƙatar kalsiyam miligiram 500 zuwa 700 a rana, gwargwadon ma'aunin da likitanku ke bi. Kofin madara mai mililita 250 yana da kusan 300. In kin ɗauke kofi biyu, kin ɗauke kusan duk abin da ƙashinsa ke samu, dole ki mayar ta wata hanya.

Wanda bai kai shekara biyu ba, musamman mai ƙyamar abinci ko marar nauyi, likita yakan rubuta masa madarar gwangwani ta musamman da aka farfasa furotin ɗinta, irin Nutramigen ko Aptamil Pepti, in ta ƙi sai irin Neocate. Suna da tsada, ɗanɗanonsu kuma da ɗan ɗaci. Masu inshora su tambaya ko tana biya. Dabarar sa yaro ya karɓa ita ce a fara zuba ta cikin koko ko kunu, ko a ba shi da sanyi a kofi mai murfi don kada ya ji warin.

Wanda ya girmi haka kuma yana cin abinci sosai, madarar waken suya ta kwali ita ce ta fi kusa da ta shanu wajen furotin. Sharaɗi shi ne a rubuta an ƙara mata kalsiyam, miligiram 120 a kowace mililita 100, kuma ba sukari. Kofi biyu masu mililita 200 sun ba shi 480 ke nan. Ki girgiza kwalin sosai kafin ki zuba, kalsiyam ɗin yana kwanciya a ƙasa. Wasu yaran da ba sa ɗaukar madara waken suya ma yana tayar musu, don haka ki lura da kwanakin farko. Ta shufan, wato hatsin oats, tana biye, amma furotin ɗinta kaɗan ne. Ta lauz, wato almond, da ta kwakwa kusan ruwa ne. Ta shinkafa ba a ba yaron da bai kai shekara 5 ba saboda gubar arsenik da shinkafa ke ɗauka daga ƙasa, kuma likitoci a Amurka sun ga yaran da suka kamu da tamowa bayan an mayar da su kanta don ikzima.

Kunun aya da madarar waken suya da muke yi a gida suna da daɗi, yaro ya sha, amma kada ki lissafa su a matsayin madara, ba kalsiyam ɗin kirki a cikinsu. Haka awarar gida da aka haɗa da ruwan tsami ko tsamiya: furotin ne mai kyau, sai dai kalsiyam ɗinta bai kai na wadda aka haɗa da sinadarin kalsiyam ba.

Tukunyarmu kuwa tana da abin taimako fiye da yadda muke zato. Kifin sardin na gwangwani, in kin murje shi da ƙayarsa mai laushi cikin miya, rabin ƙaramin gwangwani na ba da kimanin miligiram 150. Kuka da zogale, waɗanda 'yan'uwa ke kawo mana tsaraba in sun zo Umra, suna da kalsiyam, haka kuɓewa da lalo, wanda shi ne mulukiyyar da ke ko'ina a kasuwa. Tamba, in an samu, ta fi sauran hatsi nesa. Ɗahina ma haka, idan dai yaron ya saba cin riɗi ba matsala. Kitsen da man shanu ke bayarwa ki mayar da shi da manja ko man zaitun a cikin abinci, da afokado. Aidin kuma daga kifi da ƙwai da gishiri mai aidin.

Ga yadda yini ɗaya zai iya kasancewa. Da safe kokon gero da aka dama da madarar waken suya, da ƙosai biyu ko dafaffen ƙwai. Da hantsi ayaba da 'yar gurasa an shafa ɗahina. Da rana tuwon shinkafa miyar kuka da sardin a ciki, an ɗiga manja. Bayan la'asar alale ko awara da lemo. Da dare shinkafa da mulukiyya da kaza, sannan kofinsa kafin barci. Abin da yake ci lafiya, ƙwai ne ko gyaɗa ko alkama, kada ki cire don tsoro. Abu ɗaya ake gwadawa a lokaci ɗaya.

Bitamin D kada a manta da shi. Ga rana kamar ta narka dutse, amma yaranmu a ɗaki suke yini, baƙar fata kuma ta fi buƙatar rana kafin ta samar da shi, shi ya sa har yau ake ganin yara masu gwamen ƙafa a ƙasar nan. Ɗigon da ake bayarwa galibi 400 zuwa 600 ne a rana a ma'aunin IU, likita zai faɗa miki nasa.

Mutanen gida

Ke kin kiyaye, amma yaro ba naki ke kaɗai ba ne. Zai je ɗakin kaka, za a je suna ko walima, yayyensa na shan laban a gabansa. Kaka za ta ce, "Haba, ɗan cokali ɗaya na fura me zai yi wa maigidan nawa?" Musu ba zai yi ba. Ki rusuna ki ce, "Hajiya, likita ce ta sa mana mako huɗu kacal, in ya sha ko kaɗan sai an sake lissafi daga farko. Ga tasa furar na dama masa da irin madararsa, ke za ki ba shi da hannunki." Ya fi kyau ma maigida ya riga ki faɗa mata. Kofinsa da cokalinsa su zama daban, in za ku fita ki ɗauki abincinsa a jaka, in yana zuwa gidan raino ki rubuta musu da Larabci a takarda. Addu'a da tofi da zamzam duk a ci gaba da su, ba su hana bin tsarin ba. Man habbatus sauda da man gyaɗa da sauran abin ci ne dai ba a shafawa a fatar da ta tsage.

Dawo da madara, matakin da ake tsallakewa

Cikin makonnin gwajin kada ki canza mai ko sabulu, don ki san abin da ya yi aiki. Ranar da wa'adi ya cika ki jera hotunan. Idan ba wani bambanci a fili, madara ba ta da laifi, a mayar masa da ita. Idan an samu sauƙi, har yanzu ba a tabbatar ba, domin ikzima da ma tana tashi tana kwanciya da kanta, ko sauyin yanayi ya isa. Tabbaci shi ne a dawo da madarar a gani.

Ga mai jinkirin tashi, in likita ya amince, ana yi a gida: ranar da yaron ke lafiya, ba mura ba zazzaɓi, da safe, a fara da cokali ɗaya na zabadi ko 'yar madara, a riƙa ƙarawa kullum har mako guda. Idan ƙaiƙayi da zawon suka dawo, a tsaya, an samu amsa. Idan ba su dawo ba, ya ci gaba da sha. Kada ki ce ai tunda ya samu sauƙi gara a bar shi haka. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2016 ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na yaran da aka hana wani abinci saboda ikzima, alhali da suna cinsa ba tare da borin jini ba, daga baya sun kamu da hasasiyya mai saurin tashi. Doguwar hani ba dalili tana da nata haɗarin.

Idan ta tabbata madarar ce, galibi ana kiyayewa aƙalla wata shida, ana auna nauyi da tsayi lokaci-lokaci, sannan a fara hawa mataki-mataki. Ana farawa da biskit da aka gasa da 'yar madara a ciki, domin zafin tanda na canza furotin ɗin, sai kek, sai cuku, sai zabadi, madarar kofi ce ta ƙarshe. Kowane mataki a daɗe a kansa kwanaki, in ya tayar a koma na baya, a jira. Yawancin yara suna rabuwa da hasasiyyar madara tsakanin shekara 3 zuwa 5. Mai saurin tashi kuwa duk wannan a asibiti ake yinsa, kuma in an rubuta masa allurar adrenalin, ta kasance a jakarki duk inda za ku, har Harami. Ko a wane mataki kuke, idan fatar ta fara ɗigar ruwa da ɓawo rawaya, ko ƙananan ƙuraje masu rami suka feso tare da zazzaɓi, ƙwayar cuta ce ta shiga, a kai shi asibiti a ranar.